Ruwan Cikin Ordinata

Litinin, 4 ga Nuwamba

Kart ɗin lantarkin da zai sarrafa famfo bai iso ba har yau. Mai shagon Yamai ya ce "gobe", kamar makon jiya. Panno mai kama hasken rana na nan a kafe a garkar Kawu Maiguwa, famfo na cikin rijiya, amma babu ɗan allon da zai ce masa tashi ko tsaya, sun zama kayan kallo. Ba zan naɗe hannu ba. Na gina kwaikwayon kart ɗin a cikin ordinata, wato kwamfuta: kart na ƙarya, rijiyar ƙarya, ranar ƙarya. Umarnin da nake rubutawa bai san bambanci ba. Ranar da na gasken ya zo, zuba masa kawai zan yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Hassan, makanikin Buza da ya kafa pannon, ya leƙa allona ya yi dariya har da riƙe ciki. "Najiba, yaushe za mu sha ruwan telebijin?" A gaban mata ya faɗa. Wallahi na ji haushi. Shi da ya ƙona inji biyu a Keita yana gwaji a kan kayan mutane. Ni na ƙona nawa sau ba adadi yau, ko sisin kowa bai yi ciwo ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ya yi! Na janye ruwan rijiyar ƙarya, famfo ya tsaya da kansa kafin ya ja iska. Na kawo gajimare, ya rage gudu. Don Hassan kawai na zana ruwa shuɗi yana malala a allon. Kawu ya shigo shan fura na juya masa ordinatar: "Kawu, famfonka ya tashi." Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Gani ya kori ji, ɗiyata." Daɗi kamar ya kashe ni.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Innalillahi. Kawu ya yi gayya da sassafe, sun tuge irin albasa kaf sun dasa. Dama irin ya soma tsufa, maƙwabta duk sun gama dashe, shi kaɗai ke jiran ruwa tun da tsohon injin fetur ya mutu. Na ruga garka ba ko takalmi. Ya ce, "To ba ke kinka gwada mini ruwa na zuba ba?" Na ce kwaikwayo ne, Kawu. Ya ce, "Kwaikwayon mi?"

Ban yi ƙarya ba. Famfon ya tashi, a inda na ce. Wa ya aike shi?

Dashe kuwa ba ya jiran kowa. In bai sha ba, albasar bana ta tafi, da ita gidan nan ke kaiwa damina.

Talata, 12 ga Nuwamba

Guga. Ni da na rantse tun ina lakwal, 'yar makaranta, na bar jan guga har abada.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe. Mu ja, mu ɗauka, mu zuba, ƙasa ta shanye kafin mu juyo. Fangalin gabas, mai nisa da rijiya, ya kwanta. Kawu na ta jan guga abinsa, gara ma ya zage ni. Duk Tama, garinmu, ta ji. Wata a bakin rijiya ta ce a kawo bokiti a tara a gindin ordinata. Su yi ta yi.

Hassan ya zo, na shirya masa amsa. Sai kawai ya cire riga ya karɓi gugan. Amsar tana nan, ban yar ba.

Da azahar, da yatsu biyu, na sake bin umarnin layi layi. Ranar da kart ya zo ba ni da damar kuskure.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kart ɗin ya iso cikin motar kasuwa, a naɗe cikin kwalin sabulu. Ɗan abu, bai kai tafin hannuna ba. Na zuba masa umarnin, Hassan ya ɗaura wayoyi yana cewa a ja da baya. Shiru. Sai tiyo ya yi tari, ya tofo laka, ruwa ya biyo. Tashin farko, babu gyara ko ɗaya. Da rijiya ta yi ƙasa ya tsaya da kansa, daidai yadda na koya masa. Na kalli Hassan. Ya ce, "To, telebijin ta yi." Ya isa.

Kawu ya tara hannu ya wanke fuska. Daga nan ya wuce fangalin gabas ya tsuguna yana tsince busasshen dashe. Ban bi shi ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Masu garka biyu daga Buza suna son irin famfon nan, za su zo su gani a ordinata. Gaskiyata ce tun farko, kuma zan faɗa wa duk mai tambaya.

Na goge ruwan shuɗin nan, dama cin batir yake. A wurinsa na rubuta da manyan baƙaƙe: WANNAN BA RUWA BA NE, KADA A DASA.

Gobe zan je Madawa neman iri. Kawu bai sani ba tukuna.