Ku Kwance Mai Fiton Nan, Hannun Yayana Na Jira

Zuwa ga masu girma shugabannin kamfanin da ya ƙera wasan sarautar nan na cikin salula.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ku da iyali, ni tsohon mushen lakol ne, wato malamin makaranta, a Malanville, bakin kogin Kwara. Na karanta labaran sarakuna da dama, na kuma lura duk sa'ad da manya suka yi rikici, wuyan ƙarami ake nema. Ban zaci har cikin waya haka abin yake ba.

Ga kukana.

Na ɗaya. Yayana Alzuma ya tsufa yana fito da jirgi tsakanin gaɓarmu da ta Gaya. Bara ciwon shanyewar jiki ya taɓa masa hannun dama. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu. An ba shi ƙwallon roba, ya jefa wa awaki. Sai ɗiyarsa ta zo daga Parakou ta sa masa wasanku. Mutumin da ya ce salula kayan zaman banza ce, sai ga shi yana gina ganuwa yana naɗa hakimai, babban yatsa na tafiya. Har ya fara riƙe cokali da kansa. A nan mun gode muku.

Na biyu. A cikin wasan akwai wani mai fito, ko suna ba ku ba shi ba. Aikinsa tura jirgi da gyaɗa kai. Da ƙanen sarki ya shirya juyin mulki asiri ya tonu, ya gudo bakin ruwa, mai fito ya ƙetarar da shi. Waziri, wanda kowa ya gan shi yana ƙus-ƙus da yariman a bayan barga, ya miƙe a fada ya ce mai fito ya ci amanar ƙasa. Kuka ba mai wasa zaɓi biyu: a sare shi, ko a nutsar da shi. Madalla da wannan yalwar adalci.

Na uku, ga inda kuka yi kuskure, ranku ya daɗe. A kogin nan, wanda ya iso gaɓa ya yi sallama, ɗaukarsa ake yi. Mai jirgi ba ya tambayar mutum daga gidan wa ya fito, ko me ya koro shi. Haka Alzuma ya gada daga babanmu. Shi kansa an taɓa kiransa ofishin jandarma a kan wani da ya ƙetarar, ashe nemansa ake. Ya faɗi al'adar ruwa, suka saurara, suka sallame shi. Naku mai fiton ko baki ba ku yi masa ba.

Alzuma ya kai wurin nan ya tsaya. Ya ce shi ba ya sa hannu a jinin abokin sana'a. Na ce masa zane ne, ya ce in zane ne me ya sa aka yi masa furfura irin ta babanmu. Na ce kawo in danna maka, ya ɓoye wayar ƙarƙashin filo. Mun sa masa wani wasan na jera 'ya'yan itace, ya ce shi ba mai talla ba ne. Tun daga ranar yatsun sun koma lanƙwashewa, matarsa ta koma ba shi abinci a baki.

Don haka ina roƙon ku ƙara zaɓi na uku. A bar mai fito ya yi magana gaban sarki, ko a ce ya koma waccan gaɓa da jirginsa. Wazirin kuwa ba na neman kansa, ku dai sa wani ya tambaye shi abin da ya kai shi bayan barga. In babu wahala, ku raɗa wa bawan Allah suna.

Kullum da hantsi Alzuma kan buɗe wayar ya duba. Mai fito na nan durƙushe da igiya a wuya, yana jiran yatsan yayana, yatsan kuma ya ƙi. Ku ke da ikon kwance su duka biyu.

Allah ya ƙara muku basira da kasuwa, ya tsare ku daga sharrin waziran ofishinku.

Wassalam.

Naku,
Ƙanen Alzuma mai fito, Malanville.