Muryar Inna a Bakin Ummi

Alhamis da dare, Sabo, damina

Yau 'yata Ummi ta yi magana, amma na kasa murna. Shekararta bakwai, ko an kira sunanta ba ta waiwayowa, kullum tana bakin ƙofa tana jera murafan kwalba. Da magariba aka ɗauke wuta, ina kunna fitila sai na ji a bayana: "Ke Ladi, rufe rijiyar nan." Muryar surukata Inna ce sak, har da ɗan tarin nan nata. Inna kuwa bara ta rasu.

Maman Tunde mai haya a gidanmu ta ce min, "Iya Ummi, tsohuwa ce ta dawo." Yaya Hajo ta ce gobe a kai Ummi turaren aljanu. Wancan karon hayaƙin ya sa ta yi ta buga kanta da bango har jini. Na ce ba inda za ta.

Na san 'yata, tana ajiye magana kamar kaset. Abin da nake ta faɗa wa kaina ke nan.

Duk da haka na leƙa tsakar gida. Rijiyar a buɗe take. Na rufe, na ji bakina ya ce, "To, Inna."