Mama na ba Baba kafso a ɓoye, likita ba ta sani ba

Salama gare ku 'yan gida. Admin don Allah ka rufe sunana, mutanenmu da yawa suna cikin gurup ɗin nan. Ina roƙo ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni malamar firamare ce a Kafanchan, iyayena suna Manchok. Babana dattijo ne a ikilisiya, bara aka gano yana da kansar ƙoda, har ta taɓa huhu. Asibitin da muke kai shi a Abuja suka sa shi a kan wani magani na dirif, ba irin mai zubar da gashi ba, wannan garkuwar jikin mutum yake tayarwa ta yaƙi ciwon da kanta. Tun ranar farko likita ta ja mana kunne, ta ce akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjin kowa, bincike ya nuna suna taimaka wa maganin ya kama, antibayotik kuwa share su yake yi. Ta ce kada ya sha ko ɗaya sai da saninta, in ya fara zawo a kira ta, domin maganin kansa yana iya kumbura hanji. Ta ce ya riƙa cin wake, acca, ganye.

Sikanin da aka yi watan jiya bai yi kyau ba, abin bai ragu ba. Likita ta tambaya ko ya sha antibayotik, Mama ta yi saurin cewa a'a. Na yarda da ita.

Asabar da ta wuce na je gida, na shiga kicin ɗaukar cokali, sai na tarar da Mama tana buɗe kafso ja da rawaya tana zazzagewa a kunun Baba. Na duba, antibayotik ne. Da na matsa mata, ta ce tun dirif na biyu take saya a kemis, duk lokacin da cikinsa ya ɓaci sai ta ba shi. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta zauna a ƙasa tana kuka, ta ce ɗanta na fari zawo ne ya ɗauke shi a bayanta kafin su kai asibiti, ba za ta zauna tana kallon mijinta yana tsiyayewa ba saboda wasu ƙwayoyi da ba ta taɓa gani da ido ba. Ta riƙe ƙafata, uwar da ta haife ni, ta ce, "In kin faɗa, dangin babanki za su ce ni na kashe shi."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Yayana mai zafin kai ne, ƙannen Baba mata kuwa dama suna gunaguni cewa ba ta kula da shi yadda ya kamata. Baba bai san komai ba, jiya ma a waya yake ce mini in ba don Mama ba da tuni an binne shi.

Na kwashe sauran kafson, amma ni ina Kafanchan, kemis ɗin kuma yana bakin layinsu. Ban ma san ko kafson ne ya hana maganin aiki ba, wataƙila ciwon ne ya fi ƙarfi. Talata za mu koma Abuja, likita ta ce za ta yanke shawara ko a ci gaba ko a canza magani. In na yi shiru, a kan ƙarya za ta yanke. In na faɗa mata a gefe, tsorona kada maganar ta fito a gaban yayana, shi ne ke tuƙa mu, kuma ba ya barin ofishinta sai an gama.

Ina addu'a amma ba na iya cin abinci. Ma'aikatan lafiya da ke nan, hanjin yana komawa daidai in an daina, ko mun riga mun makara? Iyaye mata kuma, ku gaya mini, yaya zan ceci Baba ba tare da na tona wa Mama asiri ba?