Tukuna a Jikin Ƙyaure

Rusaifa, Makka
Farkon Rajab

Zuwa ga ta Kanada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida waɗanda kike zaune da su, ko su waye. Ni lafiyata ƙalau, sai abin da ba a rasa ba.

Ki daina kirana a jawwal, wayar nan ta hannu. Kunnen ya tafi. Sai dai in ga bakinki yana motsi a gilashi kamar na akuya tana tuƙa. Abin da likita ya cusa mini a kunne kuwa ƙara kawai yake kamar an manta butar shayi a wuta, na cire na jefa a kofi. Don haka rubutu za mu koma. Bokon da na yi a ajin yaƙi da jahilci a Gwarzo, kafin babanki ya kawo ni ƙasar nan, bai fi cikin cokali ba. In kin ga harafi ya faɗi, ki ɗaga shi da kanki. Nasiha, wadda ƙofarta ke kallon tawa, ita za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. Taki kuma ta kai shagon ƙasa a buga mini da manyan baƙi.

Ƙaninki Sa'ud ya zo daga Dammam ya kwana ya koma. Ya rubuta mini a bayan kwalin magani wai kina neman takardun nan naku na waƙa, da kika riƙa aiko mana tun kina 'yar makaranta. To bari ki ji inda suke.

Na ƙulle gyaɗa da su. Takardarku tana da kauri, ba ta shan mai, kuma tana naɗuwa da kyau. Duk lokacin Hajji da nake zama da tire a Aziziyya, da ita nake naɗi. Alhazan Indonesiya sun tafi da ita, Turkawa sun tafi da ita, har wani tsoho ɗan Pakistan ya tsaya a rana yana karanta tasa bayan ya cinye gyaɗar, ya dawo ya sayi wata. In ana tambayar inda takardarku ta kai, ki ce ta kai inda ku ba ku kai ta ba. Ragowar suna ƙarƙashin katifa ranar da aka rushe gidanmu na Nakkasa. Na ɗauki katifar, ban ɗauki takarda ba. Turanci ne, ba abin da nake gani a ciki.

Ta farkon ce kaɗai ta rage. Ranar da ta iso, marigayi babanki ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, bai gane komai ba sai kalma guda a samanta da manyan baƙi: TUKUNA. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, “Ɗaso, zo ki ga maganarki ta je Kanada, ke kina nan kina suya.” Sai ya ɗauko gam ɗin da yake liƙa takalma a shagonsa, ya manne ta a cikin ƙyauren dulab ɗin da yake rataye tufafinsa. Tana nan. Kin san gam ɗin Malam.

Me za ki yi da ita bayan shekara ashirin?

Ki huta lafiya.
Uwarki, Ɗaso

*

Kanada
Tsakiyar Rajab

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna, ina durƙusawa ina gaishe ki. Yaya ƙarfin jiki, yaya sabon wuri? Allah Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan Baba. A gaida mini Nasiha da godiya. Ni kaɗai nake zaune, Inna, sai wata kyanwa.

Labarin gyaɗa ya sa na yi dariya har hawaye, ban san na dariyar ba ne ko na wani abu. Bari in ba ki tarihin takardar, tun da ban taɓa zama na ba ki ba.

Shekarata ta biyu a jami'a, mu huɗu ne muke haɗuwa a ɗakin wanki na ƙasan gidan ɗalibai, don nan ne kaɗai ke da ɗumi. Dukanmu muna rubuta waƙa, ba wanda ya taɓa yarda ya buga mana. Sai muka buga wa kanmu: falle ɗaya, a ninke biyu, muna ajiyewa a tashar bas da ɗakunan wanki. Dokarmu ita ce ba ma buga waƙar wanda ya riga ya yi suna. Kuma wanda ya aiko da waƙar da ba ta nuna ba, ba ma ce masa a'a. Muna mayar masa da ita da kalma ɗaya a kai: tukuna. Ni na kawo kalmar, ita ta zama sunan takardar.

Yau ɗalibai ne har yanzu ke riƙe da ita, kowace shekara sababbi. Da yawa daga waɗanda suka fara a cikinta sun wallafa littattafai, wasu suna koyarwa. Na taɓa jin wani malami Bature yana ce wa ɗalibinsa “tukuna”, bai ma san Hausa ce ba. A watan gobe laburaren jami'ar zai yi taron cikarta shekara ashirin, kuma ni zan yi jawabi. An samo kowace fitowa, ban da ta farko. Kaɗan muka buga, ruwa ya ci tawa. Taki ce ta rage a duniya, kuma a bayanta, gefen da ke manne, waƙata ta farko take. Ko Sa'ud zai samo kafinta ya gwada ɗaga ta da tururi?

Kin san inda na samo kalmar? A filin jirgi na Jidda, ranar da zan taho, Baba yana ta addu'a, ke kina gyara mayafi. Na ce, “Inna, za ki yi kewata?” Kika ce, “Tukuna.” Da ita na hau jirgi. Na sha juya ta a raina cikin ƙanƙarar ƙasar nan. Na san ni 'yar fari ce, na san kunya ce ta hana ki kiran sunana tun da aka haife ni. Amma ranar na so a ce kunyar ta ɗan kauce.

In an gama taron, in sha Allah zan duba yadda aiki zai bar ni in zo.

'Yarki mai neman albarkarki,
Ummulkhairi

*

Rusaifa
Ƙarshen Rajab

Ke ta Kanada,

Salamu alaikum. Takardarki ta zo, na yi kwana biyu ina haƙa kafin in kai ƙarshenta. Ki riƙa gajartawa. A gaida kyanwa.

Ashe shekara ashirin kina ɗauke da wannan magana kamar jakar tsaba? Ke da aka ce kin yi karatu. Kina tsaye a gabana da akwati, ina jin ƙanshin turarenki, kika ce zan yi kewarki. Ana kewar wanda ke tsaye? Abin da kika tambaya na ba ki amsarsa. Da kin sake tambaya bayan jirgin ya tashi, da kin ji wata. Ba ki sake ba. Zuwanki na rasuwar Malam ma gidan cike yake da 'yan gaisuwa, kika yi sati kina raba shayi kika koma.

Kuma ni duk tukunar da na yi muku kuna yara ba hikima ba ce. Ko tuwo bai dahu ba, ko babu. Amma in ta yi wa 'ya'yan mutane amfani a can, madalla. Ta fi a'a, wannan gaskiya ne.

Maganar suna kuma, sunanki bai lalace ba don ban faɗe shi ba. Uwata ta mutu ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, kuma shi ya gina mata ɗaki.

Na gwada ɗaga gefen takardar da wuƙa, ta yage kamar faɗin farce, na bari. Ba kafintan da zai shigo mini da tururi ya jiƙa dulab ɗin Malam. Jallabiyoyinsa suna ciki yadda ya bar su. Mai son takarda ya zo ya gan ta inda take.

Kin tambayi sabon wuri. Shigga ce, 'yan ɗakuna a hawa na huɗu na bene, akwai mukayyif mai hura sanyi, akwai ruwa ba yankewa. Sa'ud ya yi ƙoƙari. Sai dai ba mai shigowa. A Nakkasa ƙofata ba ta rufuwa, wannan ta zo aron turmi, waccan ta zo gulma, ko ban ji ba ina ganin mutane. Yanzu an watsa mu kamar an jefa dutse cikin tattabarun Harami. Nan kowa ya shiga ya ja ƙarfe. Na haɗu da wata a asansir, akwatin nan mai hawa da mutane bene, na ce mata sannu, ta dubi jakarta. Nasiha tana aiki, sai bayan la'asar take leƙowa. Kiran salla ma ba na ji, hasken taga nake kallo in ƙiyasta. Jiya na dafa shinkafa na zuba a faranti biyu, sai da na zauna na lura. Ba wani abu ba ne, na mayar da ɗaya tukunya.

Sai batun ido. Yanar ido ce ta rufe na hagu gaba ɗaya, na dama ma ya fara, shi ya sa kike ganin rubutuna yana hawa dutse. A mustashfa, asibiti ke nan, sun ce za su yi wa na daman aiki tsakiyar Sha'aban. Likitan ya rubuta mini cewa saboda sukari, yana iya gyaruwa, yana iya tafiya duka. Na ce to. Na faɗa miki ne don kar ki ji a bakin wani.

Wassalam.
Ɗaso

*

Kanada
Farkon Sha'aban

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi miki sannu da jiki. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba da sa'ar aiki.

Inna, me ya sa maganar ido ta zo a ƙarshen takarda, bayan kyanwa da shinkafa? Na kira Sa'ud na yi masa faɗa, ya ce ke kika hana shi faɗa.

Na duba ranakun. Taron ya faɗo a satin aikin. An riga an gayyaci mutane daga garuruwa masu nisa, ɗaya daga cikin mu huɗun nan ya rasu bara, matarsa za ta zo, kuma ni kaɗai ce a cikinmu da ta rage a garin. Ɗaliban sun yi wata da watanni suna shiri. Na yi magana da matar Sa'ud, Manal, ta ce za ta zo ta zauna da ke kwanakin mustashfa. Ni kuma da an gama, da na miƙa sakamakon jarrabawa, zan nemi hutu. Ba cewa na yi ba zan zo ba. Wallahi ba haka na ce ba.

Ki bar maganar takardar. Nasiha ta ɗauko mini hoton gaban, ya isa. Waƙar da ke baya ma ba wata waƙa ba ce, ta yarinta ce, a kan wata mata mai suyar gyaɗa da ba ta ɗago kai. Ta zauna a dulab ɗin Baba, nan ne gidanta.

Na karanta abin da kika ce game da Jidda har na haddace. Ban san ko in yi dariya ba ko in ji kunya. Kin ce ban sake tambaya ba. Gaskiya ne, tsoro nake ji.

To Inna, in na sake tambaya yanzu fa?

'Yarki,
Ummulkhairi

*

Rusaifa
Sha'aban

Salamu alaikum.

Kin zagaya kin zagaya ba ki rubuta kalmar ba, amma na ji ta, duk da kurmancina. Ba komai. A wurina kika koya.

Na sa Sa'ud ya kwance ƙyauren gaba ɗayansa, ya naɗe a bargo ya kai masu aika kaya ta jirgi. Sun ce zai riga taronku isa. Ku jingina shi a laburaren, a gaya wa mutane gam ɗin Malam Mailafiya ne, mai gyaran takalma a Nakkasa. Dulab ɗin yana nan baki buɗe, ina kallon jallabiyoyin daga gado.

Na yi haka ne don kar ki zo saboda takarda. Yanzu ba ki da abin ɗauka a gidan nan. Sai ni.

Tambayarki. E. Tun kafin mu fita daga Jidda, a cikin mota. Babanki ya ga ina share ido ya ce mene ne, na ce ƙura ce.

Aikin ranar Talata ne. In idon ya tashi, zan karanta amsarki. In bai tashi ba, kar ki wahalar da Nasiha da takarda. Kunne babu, ido babu, sai wanda ya zo ya kama hannuna.

Ki huta lafiya, Ummulkhairi.

Uwarki