Kulu Ita Ce Hauwa'u, A Ba Ni Takardun Harajina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin haraji mai kula da yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Na so a ce a ofishinka zan faɗi wannan magana, daga ni sai kai. Sau biyar ina zuwa, kullum ka fita ko kana taro. Shi ya sa na kawo ta bainar jama'a, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake.

Ni ungozoma ce ta gwamnati. Shekara ashirin da tara ina karɓar haihuwa, taran farko a wajen Dandin Mahe ta ƙasar Shagari, sauran a Bodinga. Tun albashina na farko ake cire haraji kafin kuɗin su taɓa hannuna, ban taɓa cewa uffan ba. Yanzu ana tantance mu masu shirin ritaya, an ce kowa ya kawo shaidar harajin da aka cire masa tun farkon aiki. Shekarun da ba a kawo shaidarsu ba kafin ƙarshen watan nan, za a zubar da su daga lissafin fansho. Abin da ya kai ni ofishinku ke nan, ba alfarma na je roƙo ba.

1. A zuwan farko an samo shekaruna na Bodinga da sunan Hauwa'u. Na Shagari kuwa aka ce babu su, ko sama ko ƙasa. Na bar mata masu awo suna jirana, na yi ta hawan mota ina dawowa, sai a zuwa na uku aka zaƙulo wani tsohon fayil: Kulu, ungozoma, Dandin Mahe. Sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Na yi hamdala, ashe da sauran rina a kaba.

2. Yadda abin ya faru ba wani sirri ba ne. Akawun da ya rubuta ni ranar da aka ɗauke ni aiki maƙwabcinmu ne, tun ina goye ya san ni da Kulu, sai ya rubuta abin da bakinsa ya saba. Da aka mayar da ni Bodinga, aka bi takardar makarantata, aka rubuta Hauwa'u. Na bayyana wa wani jami'inka haka, ya ce shi kwamfuta ta nuna masa mutum biyu. Haba, jama'a! A ƙasar Sakkwato wane ne bai san Kulu ita ce Hauwa'u ba, kamar yadda Garba yake Abubakar, Indo take A'ishatu? Shi kansa jami'in, abokan aikinsa Shehu suke kiransa, katin da ke rataye a wuyansa kuma Usman aka rubuta. Da na nuna masa, dariya ya yi, wai nasa daban ne.

3. Aka ce in kawo takardar rantsuwa daga kotu, na kawo. Aka ce in ƙara da wasiƙar hakimi, na ƙara. Sannan aka shaida mini cewa bayanan haraji sirri ne, ba za a ba Hauwa'u na Kulu ba sai Kulu ta zo da ƙafarta ta sa hannu. To ga Kulu nan tsaye gabansu da jakarta! Ina zan je in samo wata?

4. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai. A gaban mutane, wani daga cikin ma'aikatanka ya ce wa ya sani ko Kulun ma'aikaciyar bogi ce da nake cin albashinta. Wallahi, ranka shi daɗe, da ƙyar na haɗiye hawayena har na fita. Ni da na yi damina tara ina ratsa taɓo da ƙafa zuwa gidajen masu naƙuda? A je Dandin Mahe a tambayi magidantan da ke noman albasa yau, wa ya yanke musu cibiya. Uwayensu ba za su ce Hauwa'u ba, Kulu za su ce, kuma za su nuna ni da yatsa.

Abin da nake nema kaɗan ne. A haɗa fayil biyun nan, a ba ni shaidar shekaruna ashirin da tara cif. Wanda ya jefe ni da sata ya janye maganarsa a inda ya faɗe ta. Kuma a duba, don ba ni kaɗai ba ce: akwai su Binta da Mairo da Dije da ba su san an raba su biyu ba sai ranar da za su zo.

Shekara tara kuna karɓar harajin Kulu wata bayan wata, ba ranar da kuka ce ta zo ta tabbatar da ko ita wace ce. Sai yau da ta miƙo hannu take neman takarda ɗaya tak kuka daina gane ta. Saura kwana goma sha ɗaya a rufe tantancewa, ni kuma ba ni da wata ƙuruciyar da zan sake yin shekarun nan.

Allah ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, ya sa ka gama aiki lafiya, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya gaban tebur kana rantsuwa cewa kai ne kai.

Wassalam.

Hauwa'u, wato Kulu,
ungozoma, Bodinga.