Sunan da Ka Goge a Tiren Shinkafa

Matrah, Maskat

Zuwa gare ka, ya farin watan da ya zaɓi haska wata gaɓa ya bar tawa a duhu. Ya sanyin iskar teku mai zuwa bayan rana ta gama gasa duwatsun Matrah. Ya zaƙin dabinon farkon kaka. Ya ƙamshin lubban da ya kama mayafina ya ƙi fita. Ya jarumina, zakina, mai faɗin kafaɗa, wanda tari ɗaya na mahaifiyarsa ke mayar da shi ɗan kyanwa! Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi tekun da ke tsakaninmu faɗi, ta kuma fi shi gishiri, domin da hawaye na haɗa ta, na barbaɗa mata haushi.

Ya jikin Baba? Ubangiji ya ƙara masa sauƙi. Tun da ciwonsa ya mayar da kai garinku Mandvi, can Indiya, ka karɓi aikin ƙera jiragen katako, gidan nan ya zama kango mai fanka. Ina dafa shayi kofi biyu, in sha ɗaya, in zauna ina hararar ɗayan. Da la'asar nakan tsaya a taga ina kallon jiragen da ke shigowa, kamar wata sakarya, alhali na san naka jiragen ko ƙusa ba a gama buga musu ba. Ina kewarka, ya hasken idona. Na faɗa tun da wuri don kada abin da zai biyo baya ya sa ka yi shakka.

Na je ofishin jakadancin Indiya kamar yadda ka ce. Na ɗaura koren sarin nan da kake so, na riƙe fasfona na Oman, da hoton da mai hoto ya hana ni murmushi a cikinsa, da takardar aurenmu. Ka san ta wajen kakan mahaifina babu abin da zan nuna na shaidar cewa asalinmu Indiya ne. Mutumin ya sauko daga jirgin ruwa da ƙullin yadi a ka, ba wanda ya tambaye shi takarda, shi ma bai ajiye ko guda ba. Hanya ɗaya ta rage min, kai ne. Matar ɗan Indiya, in aurenta ya cika shekara biyu, ana ba ta katin nan na 'yan asalin ƙasar mazauna ƙetare, ta shiga ta zauna iyakar ranta, ba biza, ba ranar kora. Katin da zai kai ni ɗakinka ke nan, ya masoyina. Shi ya sa na shiga layin ina jin kamar amarya ce ni karo na biyu.

Matar da ke karɓar takardu, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba fasfo, ta duba takardar aure, ta sake duba fasfo. Ta ce, "Ƙanwata, ke ce Nalini?" Na ce ni ce. Ta ce, "To ina Santok?" Na ce ai ni ce. Sai ta zare tabarau ta dube ni da kyau, ta ce, "Ke ce Nalini, ke ce Santok. Ran Laraba kuma wace ce ke?" Layi ya kwashe da dariya. Ta ɗaga takardar ta ce, "Wannan bawan Allah Santok ya aura. Fasfonki kuwa bai taɓa jin labarinta ba. Ko ki kawo min ita, ko ki kawo min takardar da ta san ki." Wata tsohuwa a bayana ta taɓa ni da sandarta, ta ce, "Ayya 'yar nan, ke ma shinkafa ta cinye miki suna? Ni nawa tun ba a haifi uwarki ba ta lamushe shi."

Ban ga laifin mai tabarau ba ko kaɗan. Ta ma tausaya min, ta nuna min hanyoyi biyu. Ko dai in je kotu in rantse na bar Nalini, a canza min fasfo in koma Santok har abada. Ko kuwa kai ka taka zuwa inda aka yi rajistar aurenmu a Mandvi, ka rantse cewa sunan matarka Nalini, a buga a jarida, a gyara takarda. Na fito ina murna, wai ni mai miji! Na ce wannan ai aikin safiya ɗaya ne ga mutumin da ya taɓa ce min zai kwashe min tekun nan da cokali in na so.

Sai na kira ka. Kai! Da ma ban kira ba, da na ci gaba da zama da hotonka na cikin zuciyata, wanda ya fi ka ƙarfin hali. Ka tuna abin da ka ce? Ni na haddace shi. Ka yi ƙasa da murya, alamar Mama na kusa, ka ce, "Haba tawan, mene ne a suna? Ki je kotun kawai a wuce wurin. Kin san Mama, in ta gani a jarida sai gidan nan ya kama da wuta." Mene ne a suna! Madalla da wannan hikima, ya masanin zamani! To in babu komai a suna, me ya hana ka gyara shi? Ko kuwa sunan da babu komai a cikinsa shi ne nawa, wanda Mama ta zaɓa kuma an cika shi da zinariya?

Bari in tuna maka ranar, tunda na ga ƙurar katako ta toshe maka tunani. Washegarin ɗaurin aurenmu, a tsakar gidanku, aka zaunar da ni a gefenka, mayafi ya rufe min fuska, mata sun kewaye mu suna waƙa. Aka kawo tiren azurfa cike da ɗanyar shinkafa, aka baje ta sumul, aka miƙa maka zobe don ka rubuta sabon sunan amarya kamar yadda kakanni suka yi. Kowa ya san abin da za ka rubuta. Mai duban taurari ya riga ya ce sunana bai jitu da tauraronka ba, Mama kuma ta riga ta zaɓi Santok, sunan mahaifiyarta, tsohuwar da ake ba da labarin ba ta taɓa yin dariya ba sai ranar da akuyar maƙwabta ta faɗa rijiya. Kowa na kallon fuskarka. Ni kaɗai, ta ƙasan mayafi, nake kallon hannunka.

Na gani, ya rabin raina. Na ga zoben ya sauka a shinkafa ya fara zana harafin farko na sunana, nawa na gaskiya. Na ce yau ga ni a cikin littafi, ga namijin da zai tsaya gaban dangi duka saboda ni! Sai Mama ta yi tari. Tari ɗaya, ƙarami, irin na wanda ƙwayar barkono ta sarƙe. Babban yatsanka ya bi ta kan harafin ya share shi, shinkafa ta koma sumul kamar ba a taɓa haihuwata ba, ka rubuta Santok da kyakkyawan rubutu, mata suka rangaɗa guɗa. Daga baya Kawu Dayal ya je yin rajista, ya rubuta sunan da ya ji ana kira a gida, bai ko nemi ganin fasfona ba. Ina ruwansa? Shi dai an ba shi gurasar gero da man shanu, ya ci ya yi gyatsa.

Ban taɓa gaya maka na gani ba. Na ɓoye rabin harafin nan a ƙirjina kamar yadda ake ɓoye turare mai tsada, in raina ya ɓaci in buɗe in shaƙa. Da shi na amsa Santok a ɗakin girkin Mama, da shi na amsa Santok a bikin fitilu, ina murmushi kamar an kira ni sarauniya. Nakan ce a raina, ba komai, shi ya sani. Hannunsa ya san sunana ko da bakinsa ya ji tsoro. Ashe shekara biyu ina bauta wa rabin harafi!

Kana yi min dariya saboda ƙananan littattafan soyayyar da na cika akwati da su. Kana cewa sun lalata min kai. Wataƙila. Amma maza a cikinsu suna haye hamada da ƙafa, suna faɗa wa guguwa cikin kwalekwale, suna tsayawa gaban iyayensu su ce wannan nake so. Ni ban ce ka haye hamada ba, ya barden barade. Tsakar gidanku na ce ka haye, daga ƙofar ɗakinka zuwa kujerar Mama. Kai da kake hawa ƙashin jirgi mai tsawon bene ba igiya, kake daka wa kafintoci tsawa su watse kamar tsaki, wannan 'yar tazarar ce ta gagare ka? Wane irin zaki ne wannan, mai ruri a bakin teku, mai kukan kyanwa a falo?

Ka san wanda ya raɗa min Nalini? Mahaifina, Ubangiji ya ba ransa salama. Sunan furen nan ne da ke tsirowa a kan ruwa. Mutumin da aka haifa cikin baƙaƙen duwatsun nan, bai taɓa ganin furen da idonsa ba sai a hoton kalandar da ke rataye a shagonsa na yadi, amma ya ce 'yarsa shi za ta zama. In na dawo daga makaranta yakan tsaya a ƙofar shago ya ƙwala min kira, har masu sayar da alewa na ƙarshen layi su taya shi: "Nalini, babanki na kira, yi sauri kafin ya fasa mana kunne!" Shagon ya tafi, kalandar ta tafi, shi ma ya tafi. Kiran nan kaɗai ya rage min. Shi kake so in shiga kotu, in ɗaga hannu, in rantse da bakina cewa na yar?

Na kai kuka wurin mahaifiyata. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ke dai kin cika fitina. Duk haka muka yi, wa ya mutu?" Na ce, "To Inna, ke mene ne sunanki kafin tire?" Hannunta ya tsaya. Ta kalli bango. Na rantse maka, sai da ta yi laluben sunanta kamar mai neman allura a cikin tabarma, kafin ta faɗe shi a hankali, kamar sunan wata ƙawa da ta rasu tun suna yara. Sannan ta ce hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba a kunna wuta ba. A nan na yanke shawarata, ya abin ƙaunata. Ba zan zauna wata rana 'yata ta tambaye ni, in kalli bango ba.

Saboda haka saurara, ya sanyin zuciyata. A ɗakin girkin Mama zan ci gaba da amsa Santok. Tsohuwa ce, tana kewar uwarta, ban ƙi in ara mata kunnena ba. Amma kotu ba zan je ba. Bizar baƙi ma ba zan nema ba, in zo gidan mijina da ranar tafiya a goshi kamar mai yawon buɗe ido. Ina nan Matrah, ina shan shayina ina hararar naka, har ranar da takarda za ta zo da sunan matar da ka aura. In ka so, damina ta same ni a ɗakinka, mu ji ruwa yana dukan rufi tare. In ka ƙi, ka zauna da Santok ɗinka ta takarda, ta dafa maka abinci, ta shafa maka mai a kafaɗa in ka gaji. Na ji an ce ba ta da ƙorafi.

Kada ka ce na daina sonka. Kaicona, da ma zan iya! Ina sonka kamar yadda busasshen kwari ke son ruwan tsauni, ina sonka da tsoronka da komai, har da wannan babban yatsan naka mai laifi. Ko shekara nawa za ka ɗauka kafin ka haye tsakar gidan nan, za ka tarar ban kalli kowa ba, ban cire abin wuyan aurenka ba, ban daina tsayawa a taga ba.

Za ka ji ambulan ɗin nan da ɗan nauyi. Shinkafa ce, cikin tafin hannuna ɗaya, daga wadda Inna ta tsince. Zoben yana yatsanka. Ka zuba ta a tire a gaban Mama, da rana tsaka, ka ƙarasa abin da ka fara. In ta yi tari, ka miƙa mata ruwa. Daga nan ka san hanyar ofishin rajista.

Al'adar da ta ba ka ikon goge sunana ita ce ta hana ni kama naka, kuma tun da aka ɗaura ban taɓa furta shi ba, ko a gaban madubi. Yau zan karya nawa rabin, don ka ga ba a mutuwa. Mihir. Mihir. Ka gani? Rufi bai faɗo ba, teku bai ƙafe ba, ban kuma goge ba.

Saura kai.

Taka, a wannan gaɓa ko a waccan, har numfashi ya ƙare,

Nalini