Lamba Biyu a Gangarar Asibiti

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ya yanke hukunci: a sayar da motar Baba. Wai tunda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ƙafar ba za ta ƙara taka kuloci ba, ni kuma mota mai canza giya da kanta kawai na iya. Shekara talatin Baba yana tuƙi, wannan kaɗai ta rage masa, Tsohuwa yake ce mata. Na ga irin kallon da ya yi wa makullin a jikin ƙusa. Sai kawai na ji bakina ya ce ni zan riƙa kai shi gashin ƙashi a cikinta. Yaya ya yi dariya, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ni da shegen bakina!

Laraba, 5 ga Maris
Sau bakwai ta mutu mini kafin mu fita layi. Baba ya ce, "Auta, ba dambe kuke ba fa."

Asabar, 8 ga Maris
Ƙara giya ba wuya, ragewa ce ke ba ni ciwon kai. Daga uku zuwa biyu sai ta karta, ƙurrr, Baba ya runtse ido kamar shi aka karce. Ya ce giyarta ta tsufa, sai da lallami. Taka kuloci, mayar da giya firi, saki kuloci, ɗan taɓa totur inji ya ɗaga murya, sake takawa, sannan biyu. Wai sallama ce, ba a faɗa wa babba ɗaki haka kawai. Na ce ta yaya zan san lokacin? Ya nuna kunnensa. Maganarsa ta yi nauyi tun ciwon nan, amma in ana zancen inji har kalmomin sauri suke.

Talata, 11 ga Maris
Gangarar asibiti. Doguwa ce, da kwana a ƙasanta. Tsoron kartawa ya sa na danne kuloci na kwanta a kan birki tun daga sama. Kafin rabi na ji ƙauri, birkin ya yi laushi a ƙafata. Da ƙyar na tsaya a gefe. Baba ya daka mini tsawa, karon farko tun da ya kwanta: "Birki na tsayawa ne! A gangara inji ke riƙe mota! Kashe mu za ki yi?"
Na fashe da kuka na ce to a sayar ɗin mana. Ban san na faɗa ba sai da ta fita. Ya juya fuska wajen taga. Wallahi gara ya sake yin tsawar.

Laraba, 12 ga Maris
Yaya ya kawo wani mai saye ya duba motar, yana bugun tayoyi da ƙafa. Baba ya ce in sakar masa labule.

Juma'a, 14 ga Maris
Da safe na tarar ya riga ni shiga mota, shi da sandarsa. Ba wanda ya ba wani haƙuri, mu haka muke. Da na kama giya sai ya ɗauko hannunsa na hagu da na dama, ya ɗora a kan nawa. Hannun da ko kofi ba ya riƙewa. Ya ce in daina kallon giya, in kalli titi. Na taɓa totur, inji ya ɗaga, sai na ji yatsunsa sun ɗan matsa ni. Kaɗan dai. Na tura, ta shige sumul.
Ban gaya masa yatsun sun motsa ba. Ina jin ya sani.

Alhamis, 20 ga Maris
Kullum haka. Ya matsa, in tura. Mun sauka gangarar a lamba biyu, Tsohuwa na gurnani, ƙafata ba ta ko kusa da birki sai a kwana. Mai gashin ƙashi ta tambayi wane motsa jiki yake yi a gida da hannun ya fara amsawa. Baba ya ce, "Ina koyar da wata mai taurin kai."

Litinin, 24 ga Maris
Yaya ya ce ranar Juma'a zai bi mu ya gani da idonsa. In Baba ya makara wajen matsawa fa?

Juma'a, 28 ga Maris
Yaya a baya, ya harɗe hannu. Baba a gefena, an sha magani tun asuba, hannunsa a kan nawa. Muka iso kan gangara. Ina jira ya matsa, shiru. Mota ta fara gudu. Na kasa kallonsa, na zaci wani abin ne. Sai na ji munshari.
Kuloci, firi, totur, kuloci, biyu. Ban ma san lokacin da na yi ba, kunnena ne ya ji.
A bakin asibiti Yaya ya leƙo ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a hankali, tunda yake bai taɓa ganin Baba ya yi barci a motar da wani ke ja ba. Bai ƙara zancen mai saye ba.
Saura minti goma lokacinmu, ban kashe inji ba don kada ya farka. Na ce wa Yaya batir nake cajawa.
Ni dai don Baba nake yi. Amma da yamma na wanke Tsohuwa, kuma makullin yana cikin jakata, ban mayar jikin ƙusa ba.